Kwana Biyu a Aji, Sauran a Gaban Umma

Na san na ɓace muku kusan shekara guda. Masu cewa aure na yi ban gayyace su ba, ku kwantar da hankalinku, tarin fuka ne ya kwantar da ni.

Ina ajin ƙarshe na sakandare tari ya fara. Sai zazzaɓin yamma, sai rama, har siket ɗin makaranta ya koma sai na kama shi da fil. Wata biyu ina shan maganin taifod daga kemis ɗin layinmu a Unguwar Mu'azu. Sai da na ga jini a hankici aka kai ni asibiti.

Gwajin kaki, hoton ƙirji, zaman jira a benci. Magani kyauta ne, amma kuɗin hoto da na mota sun jigata Abba.

Likita ta ce, "Wata shida za ki sha, ko kwana ɗaya kar ki tsallake."

Wallahi ba mutuwa na fara tsoro ba. Tsorona jarrabawar fita ta wuce ni, ƙawayena su tafi su bar ni.

Da likita ta tabbatar ba zan shafa wa kowa ba, shugabar makarantarmu a Barnawa ta yarda in riƙa zuwa Litinin da Laraba da safe, saboda darussan ɗakin gwaji. Sauran karatun a gida.

A gida kuwa Umma ce malama, ita da ko firamare ba ta gama ba. Tsarin Islamiyya ta ɗauko: abin da aka biya miki, ki biya wa wani. Tana tankaɗe, ina koya mata kimiyya. In na fara kame-kame sai ta ce, "Ni ban san abin nan ba, amma na san muryar wanda bai iya ba. Sake."

Da na ɗan ji ƙarfi sai taurin kai ya motsa, na je makaranta kwana biyar a jere. Ranar Juma'a na yanke jiki na faɗi a taron safe. Mako biyu ina kwance. Umma cewa kawai ta yi, "Sauri ya haifi nawa." Na koma kwana biyuna ba musu.

Gwajin ƙarshe ya nuna na warke. Na zauna jarrabawar fita, jiya kuma sakamakonta ya fito, na ci duka. Zama na yi a ƙasa ina kukan daɗi.

Alhamdulillahi. Likita, malamaina, Abba, Umma, Allah ya saka da alheri.

Tari in ya wuce mako biyu, a tafi asibiti. Iyaye kuma, ɗa in ya kwanta ciwo kar ku ce karatu ya ƙare. Ku je ku yi magana da makaranta. Ba sai kun iya karatun ba, ku dai zauna ku saurare shi.