Jinyar Lulu

Ban taɓa mantawa da ranar da Duktur, likitanmu, ya sa ni hira da karya ba. Lokacin ina sabuwar shiga a asibitin dabbobin nan na unguwar Ruwais, aikina shara da wanke keji, in an tashi in kama motar unguwarmu Kurayyat in koma ɗakina.

Ku sababbi ku sani, karyar da aka cire wa mahaifa abu uku take so: allurar kashe zafi, mazurarin roba a wuya don kada ta kai baki ga ɗinkin, da kwanciyar hankali. In ɗinki ya warware, sai an sake shiga da ita tiyata.

Ranar, bayan Sallar layya ne, aka yi wa wata Lulu aikin, karyar wata Baturiya. Ta farka tana rawar jiki, tana buga mazurarin da ƙarfen keji, cikin kuwa sai miƙewa yake kamar ɗinkin zai warware. Duktur, Bamisire ne, ya duba ya ce allura ta yi aikinta, abin da ya rage tsoro ne.

"Yalla ya Khala Rabi, zauna ki yi mata magana."

Na ce, "Duktur, in ce mata me? Ni ko taɓa ni ta yi sai na wanke kayana."

Ya ce, "Ba ki raba mu da surutu ba tun safe, yau ya yi rana."

Na ja kujera nesa kaɗan. Na ce sannu, ya jiki, Allah ya sa kaffara ne. Ta kalle ni. Da gaisuwa ta ƙare sai na ɗauko mata zancen maƙwabciyata Talatu, mai aron tukunya ta dawo da ita ba murfi. Wallahi sai ta kwanta. In na tsaya shan ruwa ta miƙe, in na ce "to ke Lulu, ba ki ji sauran ba," ta sa haɓa a ƙasa. Har na kai ga zancen haƙorin zinaren Talatu, wanda duk unguwa an san na gwangwani ne.

Da uwar ɗakinta ta zo ɗaukarta, ina rufe baki Lulu ta fara kuka. Duktur ya ce halas, shi ke nan, a ɗauki muryata a waya, a riƙa kunna mata a gida har a cire zare. Ni kuma na ce ai Baturiya ba ta jin Hausa, na saki baki son raina.

Ɗinki ya warke lafiya lau. Abin da ban tambaya ba shi ne wa ke goge-goge a gidan. Ashe ƙanwar Talatu ce. Ita aka ɗora wa kunna wayar, safe da yamma.

Ran Juma'a sai ga Talatu a ƙofata da murafai uku a hannu. Ta ajiye, ta ce, "Rabi, karyar ta warke?" Na ce ta warke. Ta ce, "To ni ban warke ba."

Abin da na koya a aikin nan ke nan: zafi allura ke kashe shi, tsoro kuwa sai muryar mutum a kusa. Ku yi musu magana, suna so. Amma ni yanzu yadda ake dafa miyar kuka kawai nake ba su labari.