Ɗakin da Babu Makullinsa

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana riƙe da makullan wata makarantar kwana, shi ya sa har yau Baba Makulli ake ce masa. Mutum ne da ba ya yarda ƙofa ta rufu sai ya jijjiga ta. Ya yi ritaya, amma halin yana nan. Kullum sai ya zagaye gidanmu yana taɓa kwaɗo, kai ka ce zinariya muke ajiyewa ba tsofaffin katifu ba.

Bayan rasuwar Mama wayata ta fara mutuwa, kuma a cikinta akwai muryar Mama, ta daƙiƙa arba'in kacal, wadda na ɗauka bisa kuskure. Ba mu da wata. Na sayo wa Baba sabuwar laftop na zuba masa muryar, na nuna masa manhajar da ke farautar bairos. Da na sani da ban nuna ba.

Bai taɓa kunna muryar ba, gadinta kawai yake yi. Da safe sikanin, wato binciken bairos, bayan azahar sikanin. Yana zaune a bakin kujera, yana bin koren layin manhajar da ido har ya kai ƙarshe. Manhaja ta ce babu komai, shi ya ce ba ta duba da kyau ba.

Ran nan ya kira ni a wurin aiki.

"Ke, akwai ɗaki a cikin kwamfutar nan. Ga ɗakin C, ga ɗakin D, na san su. Na ukun ba suna, kuma ya ƙi buɗuwa. Wa ke ciki?"

"Baba, kada ka taɓa komai."

"Ga wurin gogewa nan na gani. In ɓarawo ne fa, ya kwashe uwarku?"

Na san Baba da rawar hannu, yana iya goge D, inda muryar take. Na bar aiki na hau babur, na tarar da yatsansa a kan maɓalli. Na ja shi sai shagon mai gyara.

Mai gyaran, wani dattijo mai tabarau, ya duba ya yi murmushi.

"Malam, wannan ba ɓarawo ba ne. Tun daga kamfani aka keɓe shi. Ranar da kwamfutar ta rikice, da kayan cikinsa za ta gyara kanta."

"To ina makullin?"

"Babu. An hana ne don kada mai gida ya yi ɓarna."

Baba ya ji haushin wannan magana ƙwarai. Duk da haka ya sa aka sake sikanin a gabansa, aka kwafe muryar a filashi biyu.

Da muka dawo gida ya buɗe laftop ɗin, hannunsa ya nufi manhajar nan kuma. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni. Na riga shi, na danna muryar.

Aka ji ƙarar kwanuka, sai ga Mama tana faɗa daga kicin: "Malam, sau uku fa ke nan kana duba ƙofar nan. Ba inda za ta je. Don Allah zo ka zauna."

Baba ya janye hannunsa a hankali, ya jingina da kujera.

"Sake kunnawa," in ji shi.