Babban Yatsan Ustad Waliullah

A garin Khurja kowa da tanderunsa na gasa tangaran, amma maigidana Ustad Waliullah daban ne. Shekara ashirin ina shirya masa kofunan tangaran a kwali, ban taɓa ganin ya wuce lotsa bai shafe ta ba. Ko siminti ne ɗanye, ko kwaɓin fulawar matarsa, sai babban yatsansa ya bi ya daidaita, hankalinsa na can wata duniya. Yakan zauna gaban wuta yana lumshe ido, wai yana hango kofunansa a gidajen da bai taɓa shiga ba, ana hura shayi, ruwa na sauka a waje.

Sai kasuwa ta mutu. 'Yarsa Nikhat, wadda ta karanta kimiyyar tangaran, ta samu aiki a can birnin Bengaluru mai nisa. Tana shirin tafiya ta ji gwamnati na ba ƙananan masana'antu tallafin bincike, su ƙera farantin da soja ke sawa a ƙirji ya tare harsashi. Ta cike takardu, aka ba su kason farko. Sharaɗinta ɗaya ne: in farantin ya ci gwaji ta zauna, in ya faɗi ta kama jirgin ƙasa. Dattijon kuwa, Allah na gani, ba soja ne a gabansa ba. 'Yarsa yake so kusa da shi.

Wata tara suna gashi suna fasawa. Ranar gwaji ni na ɗauki akwatin farantin. A can ana jingina farantin da wani dunƙulen yumɓu, a madadin ƙirjin mutum. In an harba, sai a auna zurfin ramin da ya bari a yumɓun, shi ne sakamakon.

Aka harba. Farantin ya tsattsage, amma harsashi bai wuce ba. Jami'in gwajin ya ɗage shi, ya juya ɗauko ma'auni, Nikhat na bin sa da tambayoyi. Ni da ya kamata in riƙe tsohon, na saki baki ina kallon bindiga kamar baƙauye. Kafin mu ankara babban yatsan Ustad ya shafe ramin sumul.

Jami'in ya ce gwaji ya ɓaci, sai zagaye na gaba, bayan wata takwas.

"Abbu, me ka yi ke nan?" in ji Nikhat.

"Ke kika ce ƙirjin mutum ne, 'yata. Ɗan mutane da rami a ƙirji, sai in tsaya ina kallo?"

Haka muka kwashe kayanmu muka dawo gida. Wallahi ya ba ni tausayi.

Da safe ta fito da jakarta, ta daɗe tsaye a bakin ƙofa. Can ta ajiye.

"Bai ci ba, bai faɗi ba. Wata takwas, Abbu. Kuma ranar gwaji a gida za ka zauna."

Ya ce to, ya juya fuskarsa bango don kada mu ga murnarsa.