Kabarin Kaporal da ƙarfen da aka zare

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Sama'ila mai gyaran inji, wanda duk Gaya ba a san shi da wani suna ba sai Kaporal. A bana ne kuma na je maƙabarta na rasa kabarinsa.

Ba na gari lokacin da ya cika. Ina Kwatano ina jiran kayan da zan kai shagona na Yamai aka kira ni da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da na iso aka nuna mini tudun ƙasa, an kafa wani guntun ƙarfen injin ban ruwa daga wajen kai. Na tsaya na yi addu'a, ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Na ce ƙila gajiyar hanya ce. Har yau haka nake. In an ambace shi sai in ji ƙirjina shiru, ba zafi ba sanyi.

Soja ne tun zamanin Faransa. An ɗauke shi yana saurayi, aka ƙetare teku da shi, ya dawo da igiya biyu ta kofur a kafaɗa da kunne ɗaya da ba ya ji. Labarin yaƙi kuwa ba mu taɓa samu ba. In ka matsa masa sai ya ce an je, an dawo, waɗansu ba su dawo ba, ya ci gaba da abin da yake yi. Sana'ar da ya koyo can ita ta riƙe mu. Manoman shinkafa na bakin kogi da masu lambu har daga garuruwan Bana da Bengu suna kawo masa injinansu a amalanke, ya kara kunnensa mai ji a jikin injin, ya faɗi ciwon kafin ya taɓa sifana. Bai taɓa yar da ƙusa ba, komai tsatsarta. Gwangwanayen tumatir ne jere a garejinsa, kowanne da irin nasa ƙusoshin.

A gida yakan jera mu da safe ya duba farce da bayan kunne, kai ka ce bariki. Amma shi ɗin ne yake ɗebo wa Inna ruwa tun da gwiwoyinta suka fara ciwo, a gaban kowa, da rana tsaka. Abokansa suna tsokanarsa wai Kaporal ya samu kwamanda. Shi kuwa sai ya ce ai kowane soja da nasa.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da Gaya ta yau. Kamiyoyin dakon kaya da ke yin jerin gwano a bakin duwan, wato ofishin kwastan, sun yi ƙaranci tun da aka rufe gadar kan iyaka, mutane suka koma ƙetare kogin zuwa Malanbil a jirgin ruwa kamar zamanin kakanni. Masu lambu da yawa sun koma ban ruwa da sola, wadda ba ta da ƙarar da za a kara wa kunne. Ga masu sayen tsohon ƙarfe a kilo suna zagaya unguwanni, har an samu marasa tsoron Allah da ke shiga maƙabarta suna zare alamun kaburbura su kai musu. Mutumin da ke durƙusawa ya tsinci ƙusa a hanya, ban san ko zaginsu zai yi ba, ko shiru zai yi irin nasa.

Inna ba ta taɓa ganin kabarin ba, don mata ba sa zuwa maƙabarta a wurinmu. Duk shekara kafin damina ta faɗi sai ta sa a kira ni in zo in ƙara masa ƙasa, in dawo in ba ta labari. Da labarin nan take zama har wata shekarar. Bana na shiga da shebur da safe, na nufi inda na saba, babu ƙarfe. Layin gaba ɗaya an zare masa alamunsa, ruwan bara kuma ya daidaita tuddan, sun zama kusan iri ɗaya. Sai a lokacin na gane ƙarfen nake nema duk shekarun nan, ban taɓa kallon wurin kansa ba.

Na ɗauko mutum biyu da suka fi kowa sani: Baffa Hamidu, ƙanen Baba, da Garba, wanda ya koyi aiki a hannun Baba, yanzu shi ke riƙe da garejin.

Baffa ya dogara sandarsa kusa da wani tudu ya ce, "Wanga ne. Ni na shiga ramin, ni na aje shi. Gaya mini za a yi inda na aje ɗan'uwana?"

Garba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, a yi haƙuri, na gaba da shi ne. Da hannuna na kahwa ƙarhen nan."

Baffa ya rantse. Garba kuwa bai gusa daga inda yake tsaye ba. Suka juyo suna kallona, kamar ɗa yana da wata hanyar gane ubansa ta cikin ƙasa. Na saurari zuciyata, ba ta ce mini komai ba. Na ɗauki shebur na ƙara wa duka biyun ƙasa, na toshe inda ruwa ya fara ci. Muka tsaya a tsakani muka yi addu'a. A hanyar gida Baffa ya ce, "Ka ce mata an gyara, ka yi shiru. Kada ka tada ma tsohuwa hankali."

Na tafi ina lissafin abin da ya rage na Kaporal. Injinan da ya gyara yawancinsu an auna su a kilo. Lambar sojansa tana cikin akwatin Inna, jikoki ba su san ta mece ce ba. Garejin yana nan, amma kwana yake ƙidaya. Abin da na gani da idona dai shi ne dattawa biyu a cikin rana, kowa ya ƙi sakin wurin da yake ganin nan mutumin nasa yake. Ban san ko wannan ya isa ba.

Na tarar da Inna a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ta ce, "Ka ishe shi lahiya?"

Na shigo da niyyar bin maganar Baffa, amma ƙaryar ta ƙi fitowa. Na faɗa mata komai. Ta ci gaba da tsintarta.

"Shi gudan da ke kwance kusa da shi, wane ne?"

"Ba a sani ba, Inna."

"To baɗi ma ka yi musu su biyu." Ta kaɗa faifan, sannan ta dube ni. "Ran da tawa ta zo, ka tsaya ka dubi wurin da idonka. Kada ka bar ma ƙarhe."

Na ce to.