Ranar da Na Huda Kunnen Gwaggo Delu

Duk wadda ta tashi a Zurgu ta san Gwaggo Delu ba ta fara kallon fuskar mutum, kunne take fara dubawa. Ki durƙusa kina "Ina kwana, Gwaggo?" ita kuwa tuni ta damƙi fatar kunnenki tana jujjuyawa kamar mai taya akuya a kasuwar Rano. In hujin nata ne ta ce, "Madalla." In ba nata ba ne ta taɓe baki: "Wace makauniyar ce ta yi miki wannan? Ɗaya na kallon Rano, ɗaya na kallon Kibiya!" Sai ta gama sannan ta amsa gaisuwa, in ta tuna.

Yayar ubana ce, ni kuma Hanne a ɗakinta na girma, saboda haka kada wadda ta ce za ta gyara mini zance. Ku 'yan baya kun same ta da 'yan kunnen azurfa, kun ɗauka da su aka haife ta. To matar nan da ta huda kunnen rabin garin nan, ta haura sittin nata kunnen ba ko ɗigon huji! Uwarta ta rasu tana jaririya, aka yi ta miƙa ta hannun dangi, kowa na zaton wani zai yi. Da ta yi wayo kuwa ta riga ta ga yadda ake yi, ta ce ba da ita ba. Allura take tsoro, amma abin da ta fi tsoro shi ne a sani. Kullum ɗankwalinta a ɗaure har wuya. Kitso ma da kanta take yi, shi ya sa kullum a karkace.

Amma ku gan ta a bakin aiki! Ta zaunar da yarinya tsakanin ƙafafunta, ta murza kunnen har ya mutu, ta ɗiga gawayi, ta gasa allura a wuta, ƙyas, ta zura baƙin zare da man shanu ta ƙulle. In yarinya ta yi kuka ta ce, "Raguwa! Cizon sauro ma ya fi wannan." Sannan ta juya kan uwar da doka: a gasa da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, a juya zaren, a shafa man shanu, ba taɓawa da hannun miya, ba kwanciya a kai, kuma ba ɗan kunne sai an cika kwana arba'in.

Wata ta taɓa cewa, "Gwaggo, ko talatin bai isa ba?"

Ta ce, "Ke da kika haihu, talatin kika yi kina wanka?"

Allurarta kuwa ɗaya ce tun ina yarinya, a cikin ɗan guntun kara take ajiye ta. Wani ɗan koli ya kawo mata sababbi masu ƙyalli, ya ce na Turawa ne. Ta ce, "Baƙuwar allura ina ta san kunnen mutanen Zurgu? Tawa ita ta huda na uwarka, je ka tambaye ta ko ta taɓa kawo ƙara."

To, shekarar da Turawa suka tattara nasu suka ba mu ƙasarmu, ɗanta Garba da ke lodin gyaɗa a Kano ya zo gida ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Ya tarar da mata cike da tsakar gida ana sussuka, ya ciro ƙunshi ya miƙa wa Gwaggo. 'Yan kunne ne na azurfa, manya, har ɗaukar ido suke. Bawan Allah bai san ya jawo wa uwarsa masifa ba.

Iya Kande, maƙwabciyarmu, wadda bakinta ya fi barkono, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Delu, saka mu gani!"

Gwaggo ta ce, "A cikin ƙaiƙayi? Sai ranar Sallah."

"To ranar Sallah duk muna nan, ni zan ɗaura miki ɗankwalin da hannuna."

Washegari da hantsi ta aiko a kira ni, lokacin ina goyon ɗana na fari. Ta ja ni bayan rumbu, ta sa na rantse, sannan ta kwance ɗankwali. Jama'a! Kunnuwa biyu sumul kamar na jariri. Na buɗe baki zan yi dariya ta ce, "In haƙorinki ya fito sai na zubar da shi. Karɓi allura."

Na karɓa. Ta ce in tsaya ta yi alwala. Ta dawo ta ce rana ta yi zafi. Muka koma inuwa ta ce ba haske. Na murza kunnen ta ce bai mutu ba, na ƙara murzawa ta ce na kashe shi da yawa. Da na ga za mu kai azahar, sai na ce, "Gwaggo, ba Iya Kande ce can take leƙe ta katanga ba?" Tana waigawa na soka.

Ihun da ta yi, kaji sai da suka bar gidan. Kafin ta dawo hayyacinta na yi na biyun, na ƙulle zare. Da ƙyar ta maida ɗankwali, sai ga Iya Kande da gaske, a guje, zani a hannu.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

Gwaggo ta ce, "Kunama ce!"

"A ina?"

Ta rasa abin nunawa, ta miƙa babban ɗan yatsan ƙafa. Iya Kande ta ɗaure shi tam da tsumma, ta tsaga da aska, ta tsotsa, ta cusa kanwa. Gwaggo na hawaye tana hararata. Bayan Iya Kande ta tafi ta ce da ni, "Kin gani ko? Huji biyu na nema, kin jawo mini uku."

Wallahi ban taɓa ganin mai karya doka irin mai dokar ba. Ruwan gishiri ta ce yana mata zafi. Juya zare sai na danne ta da gwiwa. Tana tuƙa tuwo tana sosawa. Ga ɗankwali ta ƙara tamkewa don kada a gani, kunnen ba ya shan iska. Babban abin kuma, da ta lissafa ta ga Sallah za ta riga arba'in, sai ta zare zaren tun azumi bai yi nisa ba ta cusa azurfar nan mai nauyi, wai tana koya wa kunnen. Kwana biyu na hagu ya kumbura kamar ƙosai, yana ruwa, tana rawar sanyi.

Na ce, "Gwaggo, wa ya ce ba ɗan kunne sai arba'in?"

Ta ce, "Wannan dokar yara ce."

Na cire, na maida zare, na yi ta gashi safe da yamma. Na gaya mata gaskiya: in ta sake saka su kafin ya warke, kunnen zai yage. Ga Iya Kande kullum sai ta leƙo ta tuna mata saura kwana kaza.

Ana jibi Sallah aka kawo wata yarinya daga Fassi, 'yar shekara bakwai, marainiya a hannun kakarta. Mata sun taru suna ƙunshin lalle. Yarinyar na ganin allura ta ƙanƙame turmi, ba kuka take ba, ta dai ƙi saki. Kakar ta ce, "Tashi, kada ki ba ni kunya! Gwaggo ta ce ko cizon sauro bai kai ba."

Gwaggo ta daɗe tana kallon yarinyar. Sai kawai ta sa hannu ta kwance ɗankwalinta a gaban kowa. Ga zare, ga kumburi, ga man shanu na naso.

Ta ce, "Zo ki gani, 'yar nan. Ƙarya nake yi, da zafi. Ni ma bana aka yi mini, kuma ihuna har gonar bayan gari an ji. Ki yi naki kukan, ni zan riƙe ki."

Can Iya Kande ta dafe ƙirji: "Delu! Ashe kunamar ke nan? Ni da na tsotsi ƙafarki a banza!"

Aka fashe da dariya har da masu faɗuwa a tabarma. Gwaggo ta ɗaga kai ta ce, "Yo ba sai na gama da naku ba zan sami lokacin nawa? Kumburin kuwa laifin Hanne ne, hannunta nauyi." Ku ji fa! Ni da na yi huji biyu a kan mace tana zillewa, kuma suka fito daidai wa daida.

Yarinyar ta saki turmin ta zo da ƙafarta ta zauna. Ta yi kukanta, Gwaggo na rungume da kanta tana share mata hawaye da bakin zani. Ranar Sallah kuma suka fito tare, tsohuwa da yarinya, kowacce da baƙin zarenta a kunne, ba wadda ta rufe.

Allah ya jiƙan Gwaggo Delu, ya sanyaya mata makwanci. Yadda ta zubar da girmanta don kada marainiya ta ji tsoro ita kaɗai, ya Allah kada ka bar ta ita kaɗai a inda take. Amin.