Ustaz Rahmat Gul, Wanda Ya Koya Mana Sunayen Ɓoyo

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ana kiran sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Ustaz Rahmat Gul a ɗakinsa na haya a Peshawar ta ƙasar Pakistan, bayan wata huɗu yana fama da ciwon huhu. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara mu. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, ashirin da uku daga ciki a ƙasar da ba tasa ba. Mun binne shi a gefen gari, inda ake binne irinmu, mutanen Afganistan da muka zo zaman wata shida muka tsufa.

Ustaz, ni Baryalai ne, mai gasa gurasa, ɗalibinka da ya fi kowa daɗewa kuma ya fi kowa ba ka haushi. Ban iya yabo ba, kai ma ba ka son sa. Abin da na gani zan faɗa.

Azuzuwan Turanci sun cika unguwarmu, ana koyar da gaisuwa da tambayar farashi. Naka daban ne. A saman shagon tela ka kafa allo, ka raba shi biyu da alli. Dama, kalmomin ɓoyo. Hagu, kalmomin hargitsi. Ka ce wanda zai zauna gaban jami'in ofishin 'yan gudun hijira ba tumatir zai saya ba. Abin da ya koro shi daga gida za a tambaye shi, kuma duk abin da ya koro mu yana cikin layukan nan biyu.

A wurinka na san Bature yana da kalma ga sirrin da hukuma ta kulle a fayil, da wata ga wanda mutum biyu suka yi alkawari a kai. Akwai ta taron da ake yi a ɓoye, akwai ta mutumin da aka ɗauke aka ce ba a gan shi ba. A hagu kuma, tarzomar kasuwa daban, turmutsutsun masu gudu daban, daban kuma ranar da aka wayi gari ba doka ba mai ita. Talatin da huɗu ne duka. Har yau ina iya jero su ina murza ƙullu.

Haji Nek Muhammad, tsohon direban da ke zama kusa da taga, ya taɓa ce maka, "Ustaz, mu da muka ga abin kalma ɗaya ta ishe mu. Su da ba su gani ba, me suke yi da talatin?"

Ka ce, "Fayil suke cikawa, Haji. Kai dai ka koya. In ka sake ce wa jami'i 'an ɗan samu matsala' a kan gidanka da aka ƙona, ni da kaina zan hana ka takardar mafakar."

Nan ciwonmu yake, kuma kai ka fara gane shi. An raine mu da rufe baki. A gida, wanda ya iya cewa "ba komai, alhamdulillahi" shi ke kwana da ransa. Sai muka kwaso halin muka shiga da shi ɗakin da ake auna mutum da abin da ya faɗa. Ka sha sa zawarawa su maimaita labarinsu har su yi kuka, ka ce a sake. Kana da kaifin harshe, Ustaz, kuma ba kullum kake da gaskiya wajen tsananin ba. Amma kai ne kuma ke raka su ƙofar ofis, ka tsaya a rana riƙe da fayil da gorar ruwa har su fito.

Abu ɗaya ka ƙi: labarin ƙarya. Akwai masu tsara wa mutane labari, tsaf, da ranaku da tabo. Maƙwabtana biyu sun bi ta nan, yau suna ƙasashen Turawa, suna turo hoton 'ya'yansu cikin dusar ƙanƙara. Na roƙe ka ka tsara mini, ka ce, "Mai gurasa, naka ya fi nasu muni. Faɗin sa ne ya gagare ka."

Ka san abin da kake nufi, don kai kaɗai na taɓa gaya wa.

Na shiga ganawar farko da kalmominka duka a kaina. Jami'ar ta saurare ni da mutunci, ba zan yi mata ƙazafi ba. Ta ce, "In kai ake nema, me ya sa aka tafi da ƙanenka? Kai kana ina?" Na ce ina kasuwa. Ta rubuta. Bayan wata bakwai amsa ta zo: labarina yana da giɓi.

Na ɗora maka laifin. Shekara guda ban gaishe ka ba. A shekarar nan, ba safiyar da ba ka zo bakin tanderuna ba. Ka karɓi gurasa ɗaya, ka faɗi kalma ɗaya daga layin dama, ka tafi. Ran nan na ce, "Ustaz, ba sauran masu gurasa a garin nan ne?" Ka ce, "Akwai, har sun fi ka iyawa. Amma ba su da ɗaukaka ƙara a gabansu."

Ɗaukaka ƙarar ta zo yanzu: uku ga Maris, kuma ita ce ta ƙarshe. In ta faɗi, za a mayar da mu ƙetaren iyaka, ni da matata da 'ya'yana uku da Gulalai, matar ƙanena, wadda ke ƙarƙashin fayil ɗina. Na zo duba ka mako biyu kafin ka cika, numfashi yana yi maka wuya. Ka ce, "Ba zan raka ka wannan ba. Kafin ka gaya wa baƙuwa da Turanci, je ka gaya wa 'yar gida da harshenmu."

Ga shi nan, Ustaz. Na rubuta inda kowa zai karanta, don kada in sami hanyar janyewa.

Ba na kasuwa. Can gida a Jalalabad ni nake kai gurasa sansanin wani ɓangare na masu yaƙi, sai ɗaya ɓangaren suka zo nemana, da hantsi, a mota marar lamba. Na hango su, na faɗa cikin tanderun da ba mu hura ba ranar, na ja murfi. Ƙanena Torialai yana bakin shago. Ina ji suka ce, "Kai ne Baryalai?" Ya san inda nake. Ya ce, "Ni ne." Shekara tara ke nan ba gawa, ba labari.

Washegarin jana'izarka na sami Gulalai tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na tsuguna nesa da ita na faɗa mata duka. Ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Yaya, ni na wanke rigarka ranar. Toka ce har wuya. Ba a samun toka a kasuwa." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Ka je ka faɗa musu yadda ka faɗa mini. Ko ba komai a rubuta sunansa a wani wuri."

Ban san ko ta yafe mini ba, ban kuma tambaya ba. Ban san ko za a ba mu takardar ba. Na ga masu gaskiya da yawa an mayar da su. Kai kanka shekara ashirin da uku kana shirya mutane suna wucewa, taka ba ta fito ba, kuma ban taɓa jin ka koka ba. Ni na koka a madadinka, har yanzu ina yi.

Allah Ya jiƙanka, Ustaz Rahmat Gul. Ya yalwata kabarinka, Ya sa baƙuntar da ka yi ta zama kaffara, Ya ba ka gidan da ba a tambayar takarda a ƙofarsa. Ya rufa maka asiri ranar da za a tone na kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, uwarmu Bibi Zarmina, da 'yarka Spozhmai, da ɗalibanka na nan da waɗanda suka ƙetare. Allah Ya ba ku haƙuri. Mai karanta wannan, in ya yi wa Ustaz addu'a, ya haɗa da Torialai ɗan Sher Afzal, a raye yake ko a mace.

Ranar uku ga Maris, in jami'ar ta tambaye ni ina nake, zan ce ina cikin tanderu.

Baryalai ɗan Sher Afzal,
Peshawar.