Tahira, Wadda Ta Yi Sallama Ba Ta Tafi Ba

Tahira ta yi sallama da mutanen Maradi tun biza ba ta fito ba, abin da ya zame mata ƙaya daga baya ke nan. Ta ajiye aikin koyar da ordinata, wato kwamfuta, a wata lakwal mai zaman kanta da ke Sabon Gari, ta miƙa ajinta ga ƙawarta Samira, ta mayar wa mai gida makullin ɗakin da take haya. Katifa da firji ta rabar wa 'yan uwa. Matan unguwa suka haɗa mata walima, aka ci dambu da kwaɗon zogale, aka yi mata addu'a, har wata tsohuwa ta yi hawaye tana cewa ba lalle su sake ganawa ba.

Ɗiyar Kande ce, mai tuyar ƙuli-ƙuli a Tsibiri. Mahaifinta ya rasu tana firamare. Da man gyaɗa aka yi mata karatu har Yamai, inda ta koyi rubuta manhaja. Tana koyarwa tana ɗan gyara ayyukan da ake bajewa a intanet kowa ya sa hannu, har wani ƙaramin kamfani a ƙetaren teku ya lura da ita. Suka fara ba ta aiki daga gida, suka ga hannunta, sai suka ce ta taho, akwai kujera.

Ta kai fasfonta Yamai, ofishin da ke ba da bizar ƙasar, aka ce ta koma ta jira kira. A cikin wannan damina al'amuran ƙasa suka juya. Aka rufe iyakoki, ofishin ya rufe ƙofa, fasfon yana ciki. Ta yi ta kiran lambarsu, tana ƙara ba a ɗauka.

Ba ɗaki, ba aji, sai ta koma Tsibiri wajen uwarta. Duk wanda ya gan ta a bakin famfo ko wajen suna, magana ɗaya ce: "Ashe ba ki tahi ba?" Ba da mugunta ake faɗa ba, amma kullum sai ta ji kamar an kama ta da ƙarya. Tun tana bayani har ta gaji, ta daina fita.

Aikin kamfanin ne kawai ya rage mata. Wata rana Kande tana murza ƙuli ta dube ta, ta ce, "Wai ke mi kike yi ne a gaban abin nan, kina ta magana ke kaɗai?"

Tahira ta rufe ordinatar rabi. Ta ce, "Inna, a cikin babbar ordinata ana iya ƙirƙirar wasu ƙanana waɗanda ba su da jiki, manhaja ce ke kwaikwayon su. Kowace tana da na'urorinta na kwaikwayo, kamar wadda ke kai saƙo waje. To akwai wata ƙaramar manhaja da muke ce wa direba, ita ke magana da na'urar. Direba ya jera saƙonni a layi, na'ura ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. In layi guda ya lalace, a da sai an kashe na'urar dungurungum. Ni an ce in tsara yadda za a sabunta layin nan shi kaɗai, sauran suna ta aiki."

"To ki sabunta mana."

"Akwai saƙonnin da na'ura ta riga ta ɗauka ba ta gama da su ba. Su ne matsalar."

Kande ta ce Allah ya sauwaƙe, ta ci gaba da murza.

Sai kuma kuran, wato wutar lantarki, ya soma gagara. A kawo wuta da hantsi, kafin batir ya cika an ɗauke, wani lokaci har washegari. Tahira ta rasa taron aiki, ta sake rasa wani. Da labari ya kai ga Sha'ibu, ƙanen Kande da ke noman rani a Jiratawa, ya aiko cewa yana da farantai masu zuƙar rana da ke tayar masa da injin ban ruwa, ta zo ta jona abinta.

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maradi. Kowace safiya takan hau babur ɗin kabu-kabu, in sun doshi Sabon Gari ta ja hijabi ta rufe baki da hanci, kada wani ɗalibinta ya gane ta. A garkar kawunta ta sami rumfar kara kusa da injin, da wani tebur mai ƙafa guda gajera wadda aka tokare da bulo. Gabanta zogale da tattasai, bayanta ruwa na gudu a kwalbati. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni sai ta ɗaga waya ta rataya a reshen darbejiya.

A nan ta tsara abinta. Direba zai nemi a sabunta layi, amma ba zai taɓa komai ba tukuna. Na'ura za ta daina ɗauka, ta saki abin da ke hannunta, sannan ta amsa cewa ta tsaya. Sai bayan amsar direba zai kwashe saƙonninsa ya shimfiɗa sabon layi. In ya yi gaggawa ya ba wani aiki wurin da saƙon yake, na'urar na iya rubutu a kai daga baya ta ɓata abin da ba nata ba. Ta gwada, ya yi. Ta aika, ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba, har ta taya Kawu tsinkar tattasai.

Shugaban rukuninsu ya kira ta washegari. Mutum ne mai sauƙin kai, ya yaba tsarin, sannan ya yi tambaya guda: in na'urar ba ta amsa ba fa?

Tahira ba ta yi tunanin wannan ba. In direba ya ci gaba da jira, komai ya tsaya cik. In ya gaji ya kwashe saƙonnin, an koma ga ɓarnar da take gudu. Ta ce a ba ta lokaci. Ya ce ba damuwa, sai dai akwai wata magana: kujerar da aka ajiye mata, manya sun fara tambaya. Daga nan muryarsa ta kakkatse, rezo ya ɗauke. Ta tsaya ƙarƙashin darbejiya da waya a sama, bai dawo ba.

Makonni ta yi a kan tambayar nan. Ta rubuta ta goge. Ta rame, har Kande ta fara jiƙa mata sassaƙe. Wani yammaci a hanyar komawa, tayar kabu-kabun ta yi faci a Sabon Gari, dab da tsohuwar lakwal ɗinta, daidai an tashi. Samira ta gane ta duk da hijabin.

Ta riƙe mata hannu ta ce, "Tahira, kin daina ɗaukar wayata. Ajin nan naki ne. In kina so, gobe in shiga wajen darakta in ce na sauka."

Tahira ta san da wannan aikin Samira ke riƙe da nata ƙannen. Ta ce, "Haba ƙawata. Abin da na ba ki da hannuna? Riƙe abinki, ai tahiyar na nan."

Samira ta dube ta, ta sake mata hannu. Da aka gyara tayar, Tahira ta hau babur, sai da suka bar gari ta bar hawayen suka zubo.

A ƙarshe ba wata dabara ta samo ba. Ta yarda cewa babu hanyar da direba zai san abin da na'urar da ta yi shiru take yi. Ta rubuta cewa ya jira gwargwado, in ba amsa, kada ya taɓa layin, a kashe na'urar gaba ɗaya a tayar, kamar yadda ake yi a da. Ba ta so haka ba, don abin da aka ce ta kauce wa ke nan. Rukunin suka yi muhawara, suka gyara mata wasu wurare, suka karɓa.

Kujerar kuwa aka ba wani da ke zaune a can. Shugaban ya kira da kansa ya ba ta haƙuri, ya ce aikin gida yana nan muddin tana so. Fasfon ya iso lokacin cirar albasa, cikin ambulan, a motar Yamai. Ta buɗe shi a tasha ta bi shafukan, babu hatimi ko ɗaya.

Da ta je Jiratawa bayan kwana biyu, ta tarar an rushe rumfar. Magina na ɗora tubali a wurin, Kawu Sha'ibu yana miƙa musu ƙasa da wando a naɗe.

"Kawu, mi ake ginawa?"

"Ɗakin aikinki. Zahi na tahe, rumfar kara ba ta tare shi. Har ƙyaure na sayo."

Ta dubi katangar, ta kai ƙugu. An bar gurbin taga ta wajen darbejiya, inda rezo ya fi kamawa.

"Kawu, ai ba daɗewa zan yi ba."

Ya goge hannu a riga. "To, ɗiyata. Ranar da kika tahi sai in zuba albasa a ciki."

Kafin zafi ya kankama aka yi rufi. Tahira ta shigar da teburin da kanta. An aiko mata sabon aiki a kan wata na'urar, kuma tana ratsa Maradi safe da yamma har yanzu. Wani lokaci takan rufe fuska a Sabon Gari, wani lokaci takan manta.